Wayar da Ba Ta Hau Tudu Ba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Ranar da ƙanena ya cika na ji wannan magana daga bakuna da yawa, har ta koma mini kamar kukan kurciya da tsakar rana, tana ta maimaita kanta. Ni ma na faɗa. Amma sai da aka kusa arba'in kafin zuciyata ta yarda ta faɗa tare da bakina. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ɗiyarsa ta fari ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gaya mata in ta gyara mini magana zan gane.

Ni Auta nake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu. Mutanen gari kuwa Baba Akawu suka sani.

A gidansa na Tambuwal aka yi zaman makoki, maza a ƙofar gida, mu mata a ciki. Kowa ya zo da Autan da ya sani. Limamin unguwa ya ce bai taɓa riga shi shiga masallaci ba. Wani tsoho ya taho tun daga Jabo a bayan babur, ya ce tun zamanin da ake aika wasiƙa Auta ke rubuta masa, bai taɓa jin sirrinsa a bakin wani ba. Wata mata daga Sanyinna ta kama hannuna ta ƙi saki, ta ce albarkacinsa ta ga fuskar jikanta da aka haifa a Kurmi. Taubashinsa kuwa, ɗan gwaggonmu, ya leƙo zaure yana share ido da hannun riga yana cewa, "Rago! Ya gudu don ya ga na kusa kayar da shi a gardama." Aka yi dariya, aka koma kuka.

Sai ga wani abu ya faru da ya sa mata gunaguni. Maza sun ɗauki gawa sun nufi maƙabarta, ƙurar ƙafarsu ba ta kwanta ba, ɗiyarsa ta tashi ta shiga ɗakinsa, ta buɗe kwamfutarsa, ta hau dannawa. Mace ce babba, mai 'ya'ya, malamar makaranta, hawaye na ɗiga a kan hannunta tana ta aiki.

Wata daga cikin surukan gidan ta ce, "Wanga zamani! Uba bai ko kai kushewa ba, ɗiya na danne-danne."

Na ɗaga murya na ce, "Ku kama bakinku. Aikin ubanta taka yi. Kun san abin da yas sa? Ni na sani."

Aka yi tsit, don a gidan nan ba mai ja da ni. Na ji daɗin kaina a lokacin. Ban san ni ce zan fi kowa saɓa wa abin da nake karewa ba.

Ni na goye shi. Innarmu na suyar masa a ƙofar gida, ni ina jijjiga shi a baya, hayaƙi na shiga idonmu mu biyu. Duk mai suya ta san masar fari: tanda ba ta gama zafi ba, sai ta kama, ta fito a yage, gefe ɗaya ya ƙone. Ba a sayar da ita, ɗan gida ake ba. Tun Auta bai yi haƙori ba wannan tasa ce. Da Inna ta rasu na gaji tandarta, na tafi da ita gidan aurena, can gaba da Kebbe, cikin mutanen da ke noma suna kiwon shanu. Ko da furfura ta cika masa kai, in ya zo wurina ba ya zama kan tabarma sai ya fara tsugunawa bakin murhu.

Yana da wata tambaya da ba ta barin bakinsa. Wasu yara in an ba su labari sai su ce wa, wasu su ce ina. Shi kuwa, "Na yaushe ne?" A ce ruwa ya sauka a Sanyinna, na yaushe ne? A ce wane ba shi da lafiya, na yaushe ne? Innarmu ta taɓa jifansa da mafici a kan haka.

Shi aka kai boko. Ya zama akawu a birnin Sakkwato, yana buga tafireta har yatsunsa suka yi kanta. Da aka kawo kwamfuta ofis, sa'o'insa suka riƙa kewaye ta kamar sa mai tunkuyi, shi kuwa ya jawo kujera ya zauna gabanta. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, maimakon ya kama carbi ya huta, sai ya ce zai gina wa danginmu shafi.

Na ce, "Da wace ƙasa? Wa zai kwaɓa maka?"

Ya ce, "Yaya, bango ne, amma a cikin waya. Duk wanda ke nesa ya leƙo ya ga abin da gida ke ciki."

Mutanenmu sun watsu. Wasu na Kurmi, wasu na bakin teku, wasu na bin shanu. A bangon nan nasa yake sa wa aka haifa, wa aka ɗaura wa aure, wa ke kwance, wa ya riga mu, da inda ruwa ya sauka. Duk Juma'a kuma sai ya sa muryarsa saboda irinmu da ba mu karatu. Ya kawo mini waya, ya sa hoton kukar ƙofar gidan ubanmu a fuskarta, ya ce in na danna kukar zan ji shi. A ƙauyenmu babu sabis sai an hau tudun bayan gari, inda wani gawo yake tsaye shi kaɗai. Ranar Juma'a da la'asar za ka gan mu a can, kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa.

To, ga abin da ya shiga tsakaninmu.

Wani rani maigidana ya kwanta. Ɗana na fari, wanda bakina bai taɓa kama sunansa ba, yana can kudu da shanu, tafiyar kwanaki. Wayarsa ta faɗa rafi tun farkon tafiya. Abin da aka shirya shi ne, duk ranar kasuwa ya fito daga daji ya je wurin mai cajin waya, ya ari tasa ya duba shafin kawunsa. Makon farko Auta ya rubuta cewa maigida na jin sauƙi, gaskiya ne kuwa, har kunu ya sha. Kwana uku sai ciwo ya juya. Auta ya zo ya gan shi, ya koma da gaggawa ya share wancan ya rubuta: jiki ya tsananta, duk inda kake ka taho.

Ranar kasuwa ta zo, yaron ya fito, ya ari wayar, ya duba. Ya ga, yana jin sauƙi. Ya yi hamdala, ya sayi kanwar shanu, ya koma daji.

Kwana biyar maigidana yana kallon ƙofar ɗaki. Ko akuya ta gitta sai ya ɗaga kai. Ya cika bai gan shi ba.

Da yaron ya dawo ya faɗi abin da ya gani da idonsa, Auta ya rantse ya canza, shi ma ya rantse bai ga canji ba. Ni ban tsaya tantance mai gaskiya ba. Na ce wa Auta, "Bangonka yac ci amanata. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana." Damina guda ban yi masa magana ba. Ya aiko da goro, na mayar. Ya aiko matarsa, na ba ta ruwa ta sha na raka ta bakin hanya.

Gero na fitar da kai, wata safiya ina suya, sai ga shi a babur, taɓo har gwiwa, jakar kwamfuta a baya. Hanyar Kebbe da damina, wanda ya sani ya sani. Ya yi sallama, na amsa don Allah ya ce a amsa, na ci gaba da juya masa. Ya tsuguna inda ya saba. Bai dube ni ba, tandar ya duba.

Ya ce, "Yaya, na gano. Laifina ne."

Na juya wata masar.

Ya ce, "Shafin nan kamar suyarki yake. Akwai tanda, akwai ƙullu. Tanda ita ce siffar shafin, inda suna ke zama, inda hoto ke zama, sau ɗaya na ƙera ta. Ƙullu shi ne labarin da nika zubawa. Duk wanda ya leƙo, nan take injin da ke riƙe da shafin ke zuba ƙullu a tanda ya miƙa masa."

Na zuba mai a gurbi.

Ya ce, "Waya kuma tana da tattali. In ta karɓi shafi sau ɗaya, sai ta ajiye. In mai ita ya sake nema, ba ta ɗauko sabo, sai ta fara tambayar injin: na hannuna na ranar kaza ne, an canza tun daga nan? In anka ce a'a, sai ta nuna wanda ta ajiye. Akwai ɗan hatimin lokaci da ke tafiya gaban kowane shafi, ido ba ya ganinsa, da shi suka wagga magana."

Ya ce, "Ni kuwa na bar injin yana ba da amsa da ranar da anka ƙera tanda. Na zuba sabon ƙullu, hatimi bai motsa ba. Wayar mai caji tat tambaya, anka ce mata ba abin da ya canza."

Nan bakina ya ƙwace mini. Na ce, "Kai! Kai da boko duk, kai da tafireta! Mutum ya tsaya gabana ya ce masar nan ta yaushe ce, sai in ce masa tandar tun ta Inna ce? Kai da ka ishi duniya da na yaushe ne, na yaushe ne?"

Ya ce, "Haka na yi, Yaya."

Hawaye na bin gemunsa. Na dube shi, sai na ga ba dattijo ba ne tsugune, yaron nan ne mai kan ƙwarya da nake ɗaurewa da zanen Inna. Masar fari na gefe a kan faifai, ta huce, tun ɗazu na rasa wanda zan ba. Na ɗauka na sa masa a hannu. Ya ci. Maganar da muka yi ke nan a kan yafiya, ba mu ƙara ba.

Kada ku ce daga nan ya iya. Tsoro ya sa ya wuce wuri. Ya koma ya gaya wa injin, duk wayar da ta tambaya a ce mata yanzu-yanzu aka canza, ko an canza ko ba a canza ba. Sai kowace waya ta koma ɗauko komai tun daga farko, har da hotuna, kullum. A Tambuwal ba a ji ba, sabis da ƙarfi. Mu a kan tudu sai mu tsaya hannu a sama har ya sage, ɗan zoben nan na fuskar waya na ta juyawa, magariba ta kore mu ba mu ji komai ba. Wata Juma'a ya zo, na kai shi gindin gawon na ce ya ɗaga da kansa. Ya ɗaga har kafaɗarsa ta yi tsami.

Na ce, "Da ka ce sabuwa tsohuwa ce. Yanzu kana cewa ta jiya mai zafi ce. Duka biyu ƙarya ne, Auta. Ka faɗi lokacin da ka zuba ƙullu, shi ke nan."

Ya ce, "In na sake tandar fa? Wata rana nikan gyara siffar."

Na ce, "Ita ma ka faɗa mana. Ka dubi biyun, wanda yaf fi kusa shi za ka ce."

Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Ya zauna nan kan saiwar gawo, ya buɗe jaka, ya yi ta dannawa har inuwa ta yi tsawo. Daga ranar abin ya daidaita. Ya kuma sa lokacin ya riƙa fitowa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafin, don mai ido ya gani. Ya sha faɗa a gaban mutane cewa yayarsa ce ta gyara masa injin. Ni kuma ban taɓa musawa ba, don haka ne.

Amma abin bai bar shi ba. Duk ran da ya sa labarin mai ciwo, sai ya shiga kasuwa yana tare mutane: "Ɗana, ara mini wayarka in ga." Ya duba a wannan, ya duba a waccan, sai ya tabbata sabon ya iso. Masu shago na hango shi su hau kira, "Baba Akawu, na yaushe ne?" Ya ce, "Na ɗazu ne, ja'irai." Akwai wani makiyayi, ba danginmu ba ne ko kusa, uwarsa ta kwanta yana daji. Auta ya sa a shafi, ya kasa zama, ya hau babur ya bi sawun shanu yini biyu har ya same shi. Mutumin ya iske uwarsa da rai. Na gan shi wurin makoki, bai yi wa kowa magana ba, ya zauna can gefe da sandarsa har rana ta faɗi.

Ɗana kuwa yana gaishe da kawunsa, ya durƙusa yadda ya kamata, amma iyakarta ke nan. Auta ya sani. Bai taɓa matsa masa ba.

Ya kuma yi wa ɗiyarsa wasiyya tun yana da ƙarfinsa: ranar da na mutu, kafin masu kai ni su dawo, ki sa a shafi, ki duba lokacin ya motsa. Abin da take yi ke nan matan nan na zaginta.

Ranar da ya cika, da aka zo ɗaukata zuwa Tambuwal, na fita ko mayafi sai a hanya na gyara. Wayar na cikin kwalla a ɗaki, ban tuna da ita ba. Sai bayan sadakar bakwai na dawo. Wata rana bayan azahar, gida ba kowa, na buɗe kwalla neman goro na gan ta. Na ba maƙwabciya ta sa mini a sola. Da ta dawo da ita na zauna bakin gado, yatsana ya tafi kan kukar nan da kansa.

"Salamu alaikum 'yan gida, na kusa da na nesa."

Na waiga ƙofa. Wallahi na waiga.

Ya ce ruwa ya yi kyau a Jabo, gero ya fara fitar da kai. Ya ce ɗiyar wane ta sauka lafiya, tagwaye, suna sai mako mai zuwa. Ya ce, "Ni kuma ɗan zazzaɓi ne yat taɓa ni, ya wuce. Yaya, in kina ji, ina nan tafe, a ajiye mini ta fari."

Duk ƙasar Kebbe ba wanda ya fi ni sanin abin da ke faruwa. Juma'ar ƙarshe kafin ya kwanta na hau tudu, wayar ta karɓa ta ajiye. Tun daga nan ba ta sami sabis ba, ba ta tambayi kowa komai ba. Ran da ta hau tudu za ta tambaya, injin kuma zai gaya mata gaskiya, don ni da Auta muka koya masa.

Sai na daina hawa tudu.

Mata su biyo ran Juma'a, "Inna, ba ki tahowa?" In ce gwiwa. Ni da nake zuwa kasuwar Kebbe da ƙafa in dawo ban zauna ba.

Kullum bayan azahar in sakaya ƙofa in danna kuka. A cikin wayar nan kullum Juma'a ce. Hadari na haɗuwa a gabas bai sauka ba. Geron Jabo na tsaye da ɗanyen kai, iska na kaɗa shi, ba ya nuna, tsuntsu ba ya ci. Tagwaye na kwance ba suna, uwarsu na shan kunun kanwa. Auta kuma na bisa hanya, ya wuce Kebbe, ya kusa mashigin rafi, yana tafe, yana tafe. Wata rana barci ya ɗauke ni a haka, sai in ga Inna na fifita wuta, maigidana na ɗaure maraƙi, in ji nauyin yaro a bayana da ɗumin numfashinsa a wuyana. In farka rana ta karkata, kaji na tono a tsakar gida. Da safe in na yi suya sai in kife faifai kan masar fari. Ta wuni a nan. Da yamma in ba kaji.

Saura kwana uku arba'in, ɗiyarsa ta zo ɗaukata. Ban ji tsayawar babur ba. Ta shigo tsakar gida daidai lokacin da ubanta ke cewa na kusa da na nesa. Na ji faɗuwar jakarta a ƙasa. Ɗana yana nan kusa yana gyaran igiya, don shanu na gida da damina, shi ma ya miƙe.

Ta yaye labule. Ta ce, "Gwaggo." Muka saurara tare har ƙarshe.

Ta ce, "Na neme ta ko'ina. Duk Juma'a sabuwar yake ɗorawa kan tsohuwar, ba ya ajiyewa. Ran nan kuma ni da hannuna na ɗora sanarwa a kanta, sai daga baya na tuna. Gwaggo, ban san wani mai ita ba sai ke."

Na ce, "To kin gani. In na hau tudu ta tafi. Ke za ki maido mini?"

Na ji ƙarfi, na samu hujja. Ashe ɗiyar Auta ce. Ta fiddo tata wayar, ta kara bakinta da tawa, ta ce in sake dannawa. Aka yi shiru, ubanta ya yi magana tun daga sallama har ta fari, tata na ɗauka. Ta kunna muka ji. Ga shi nan tsaf, sai dai zakaranmu ya sa baki a tsakiya, ga kuma tarina wajen ƙarshe. Ta zuba wa ɗana a tasa wayar, ta sake ajiye mini a wani gurbi cikin tawa, inda ta ce ko an hau tudu ba ya taɓuwa.

Ta ce, "Murya ta tsira. Yanzu fa, Gwaggo?"

Na ce, "Gwiwa."

Ta ce, "Gwiwar da tat taka zuwa rijiya ɗazu? Maƙwabciya ta gaya mini."

Na ce, "Ke, ni kika wa tsiya? Ni na wanke ubanki yana jinjiri."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye ba. Ni ma na san ba muryar kaɗai nake riƙo ba. A shafin hannuna, jerin waɗanda suka riga mu ya tsaya a kan wani, bai kai kansa ba.

Ɗana yana bakin ƙofa. Tsakanina da shi ba doguwar magana, haka aka san uwa da ɗan fari. Ya tsuguna yana kallon ƙasa, ya ce, "Inna."

Ya san ina ji.

Ya ce, "Ni na taɓa zama inda kike. Kwana tara nina daji da uba mai jin sauƙi. Nina waƙa bayan shanu. Fuɗu daga ciki ashe an riga an rufe shi. Ba kwanakin da sunka fi su daɗi, ba kuma waɗanda nika ƙin tunawa kamarsu." Ya murza igiyar da ke hannunsa. "Shekarun nan duk na riƙe Kawu a kan abin da bai yi da gangan ba. Sai da na karɓe shi cikin kabari na ji ba shi da nauyi, sannan na sake shi. Ya ƙare rayuwa tai yana bin wayoyin mutane don kada a sake yi wa wani. Ke kuma kina yi wa kanki da hannunki."

Bai taɓa jera mini magana mai tsawon wannan ba tun da aka haife shi.

Na ɗauki mayafi.

Da la'asar muka fita mu uku. Na daɗe ban dubi bayan gari ba. Ashe gero ya nuna har an fara yanka, dammuna na jingine a gonaki, karan ya yi fari. Sama ta washe, ba hadari ko ɗaya. Gawon kan tudu, da ke tsirara duk damina, ya fara tsatso ganye. Na tsaya gindinsa, kusa da saiwar da Auta ya taɓa zama. Ɗiyarsa ta miƙo hannu za ta karɓa, na ce a'a. Ni na danna kuka, ni na ɗaga.

Ɗan zoben ya juya. Ya juya. Na ce a raina, tana tambaya. Sai fuskar wayar ta yi fari, ta cika da wasu baƙaƙe, ga hotonsa da hular nan tasa da ta karkace.

Ɗana ya ɗan taɓa boko, na miƙa masa. Ya karanta sunan kawunsa a jerin. Ya karanta cewa an yi sunan tagwaye tuni. An haifi wani yaro a Jabo an sa masa sunan marigayi. Gata sadakar arba'in a Tambuwal.

Na ji bakina ya ce, "Na yaushe ne?"

Ya duba can ƙasa, wurin ƙananan baƙaƙe. Ya ce, "Na jiya ne, Inna. Da hantsi."

Ɗiyarsa ta ce, "Jiya da hantsi na sa sanarwar, kafin in tafi makaranta."

Na ce, "To. Gaskiya yaf faɗa."

Nan na faɗi abin da ban faɗa ba a bakin murhu. Na ce, Auta, na yafe tun ran nan, bakina ne ya yi nauyi, kai ma ka yafe mini daminar da na hana ka gidana. Sannan na ce na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, wannan karon ni duka na faɗa. Kukan da ban yi a Tambuwal ba, don ina tsare da girmana a gaban surukai, a kan tudun nan na yi shi.

Washegari na yi suya. Masar fari ta fito a yage kamar kullum. Ban kife faifai ba. Na kira ɗana na sa masa a hannu, ya tsuguna bakin murhu ya ci da zafinta.

Allah Ya jiƙan Auta, Ya yalwata masa makwanci, Ya sada shi da Inna da duk waɗanda ya rubuta sunansu kafin a rubuta nasa. Mu da muka saura, Allah Ya sa in tamu ta zo labari ya iske namu a kan lokaci.

Ke kuma ɗiyata, ajiye alƙalamin haka nan. In kin sa wannan a shafin, ki ari wayar wani ki duba ya iso.